Su Dongpo: gwamnati ta kore shi sau uku, ta hana karanta littattafansa, amma har yau yara na haddace waƙoƙinsa

A shekarar 1104 gwamnatin daular Song ta ƙasar Sin ta sa aka sassaƙa sunayen mutum 309 a jikin dutse, aka ce a kafa irin dutsen a garuruwa, wai waɗannan su ne miyagun 'yan siyasa da suka ɓata ƙasa, 'ya'yansu da jikokinsu kada su kuskura su nemi muƙami a babban birni. A cikin sunayen akwai Su Shi, wanda aka fi sani da Su Dongpo, kuma a lokacin ma ya yi shekara uku a kabari. Kafin nan an riga an ba da umarni a farfasa allunan katakon da ake buga littattafansa da su. To abin tambaya, ya aka yi mutumin da hukuma ta yi wa wannan rufdugu ya zama yau kusan babu ɗan makarantar Sin da bai haddace wani abu nasa ba, su kuma waɗanda suka sa aka sassaƙa dutsen sai masana tarihi kaɗai ke tuna su?

An haife shi a 1037 a garin Meishan da ke lardin Sichuan. Babansa Su Xun marubuci ne, ƙaninsa Su Zhe ma haka, su ukun duk suna cikin mutum takwas da Sinawa ke ɗauka a matsayin gwanayen rubutun zube na zamanin Tang da Song, ka ga gida ɗaya ya kwashe kujera uku kenan. Amma don a gane rayuwarsa dole a fara gane yadda ake zama babban mutum a lokacin. Ba gado ba ne, jarrabawa ce. Yawanci mai son babban muƙami a gwamnati sai ya zauna jarrabawar littattafan Confucius, babban malamin Sin na da can, da rubuta maƙala da tsara waƙa, kuma an tsaurara abin sosai, ana liƙe sunan mai rubutu, sannan magatakarda su sake kwafe amsar da hannunsu don kada mai dubawa ya gane rubutun ɗalibinsa. Shi ya sa a ƙasar mawaƙi da ma'aikacin gwamnati kusan mutum ɗaya ne, gwamnan da ke lissafin haraji da safe shi ne da yamma zai zauna ya rubuta baituka ya aika wa abokinsa.

A 1057 shi da ƙaninsa suka ci babbar jarrabawar a Kaifeng, babban birnin daular, yana da shekara 20, ƙanin 18. Babban mai dubawa shi ne Ouyang Xiu, jagoran marubutan zamanin. Labarin da ake bayarwa shi ne takardar ta burge shi har ya zaci ta ɗalibinsa Zeng Gong ce, sai ya ji kunya ya ba ta na ɗaya ya ajiye ta a na biyu. Kuma wai a cikin maƙalar yaron ya kawo wata ƙissa ta wani tsohon sarki da alƙalinsa wadda malaman suka duba ba su gano littafin da take ba, da aka tambaye shi daga baya sai ya ce ai shi ya ga ya kamata a ce haka aka yi. Ko labarin ya inganta ko an ƙara masa gishiri, ya dace da halin mutumin: kaifin basira da kuma baki wanda ba ya jin birki.

Rigimar da ta cinye rayuwarsa ta fara ne a 1069. Daular Song tana da arziki amma baitulmali kullum a bushe, sojoji sun haura miliyan ɗaya, ga azurfa da siliki da ake biyan daular Liao ta arewa duk shekara don a zauna lafiya, ga kuma Xia ta yamma ita ma ana ba ta nata. Sabon sarki Shenzong matashi ne mai zafin nama, sai ya ɗauko Wang Anshi ya ba shi wuƙa da nama ya gyara tattalin arziki. Cikin sababbin dokokin wadda ta fi tada ƙura ita ce ta bashin manoma, irin bashin nan da duk ɗan ƙauye ya sani, a ci lokacin shuka a biya da kaka. Wang Anshi ya ce maimakon masu kuɗin ƙauye su riƙa yanka talaka, gwamnati za ta ba da bashin a kan ruwa kashi 20 cikin 100, talaka ya huta, baitulmali ya samu. A takarda abin ya yi kyau wallahi. Matsalar ita ce an riƙa auna ƙoƙarin jami'i da yawan bashin da ya raba, sai jami'ai suka koma tilasta wa mutane karɓa, mai buƙata da marar buƙata, kuma idan lokacin biya ya zo mai bin bashin yanzu hukuma ce mai bulala da kurkuku, ba maƙwabcin da za ka je ka ba haƙuri ba. Ga kuma gishiri da gwamnati ta riƙe cinikinsa ita kaɗai, duk wanda aka kama da na bayan fage ya shiga uku.

Su Shi ya rubuta wa sarki doguwar takarda yana sukar tsarin, da ya ga zaman fada ba zai yiwu ba sai ya nemi a tura shi waje. Daga 1071 ya yi Hangzhou, ya yi Mizhou, ya yi Xuzhou. A Xuzhou a 1077 Rawayen Kogi ya ɓalle ruwa ya zo har gindin ganuwa, masu kuɗi suka fara haɗa kaya, ya hana su fita ya ce idan kun tafi wa zai tsaya, ya je da kansa barikin soja ya roƙi a taimaka duk da ba a ƙarƙashinsa suke ba, ya kafa bukka a kan ganuwa ya daina kwana gida har ruwan ya janye. Wannan ɓangaren mutane kan manta shi idan ana maganar waƙa, amma gaskiya ma'aikaci ne na ƙwarai.

Sai dai duk inda ya je abin da ya gani sai ya shiga waƙa. Akwai wadda ya yi a kan wani tsoho ɗan shekara 70 da ke yawo da lauje a dutse yana neman abin ci, ya ce ba wai daɗin kiɗa ne ya mantar da shi ɗanɗanon abinci ba, wata uku ne rabonsa da gishiri. Duk mai ilimi a lokacin ya san habaicin, don a littafi an ce Confucius ya ji wani kiɗa ya yi wata uku bai san daɗin nama ba. Akwai kuma ta 'yan ƙauyen da ke zarya birni karɓar bashi, kuɗin ya ƙare tun kafin su koma gida, ribar da aka samu kawai ita ce yaransu sun iya karin harshen 'yan birni tunda rabin shekara a can suke yi. Da a ce a takarda ɗaya suka tsaya tsakanin abokai da babu wanda zai damu. Amma zamanin buga littafi ne, masu shaguna suka tattara waƙoƙin suka buga suna sayarwa, habaicin gwamna ya zama abin da ake karantawa a kasuwa.

A 1079, yana sabon zuwa Huzhou, aka aiko aka kama shi aka kai Kaifeng. Ofishin masu sa ido kan jami'ai shi ya yi shari'ar, ana yi wa ofishin laƙabi da Dandalin Hankaki, shi ya sa har yau ake kiran lamarin shari'ar waƙa ta Dandalin Hankaki. Su Li Ding da Shu Dan suka zauna da littafin suna bi baiti-baiti, wannan me kake nufi, wancan da wa kake. Ya yi fiye da kwana 100 a tsare kuma ya amsa cewa da yawa daga cikin baitukan suka ne. Abin har ya kai ga ban dariya, akwai waƙar da ya yi wa wasu bishiyoyi biyu ya ce saiwarsu ta nutse ƙasa inda sai dodon da ke ɓoye ne ya san ta, aka je aka ce wa sarki ai dodo alamar sarki ce, wannan mutumin yana neman wani sarki a ƙarƙashin ƙasa kenan. An ruwaito sarkin da kansa ya ce mutum na yi wa bishiya waƙa, ina ruwana a ciki. Ana kuma ba da labarin ya yi da ɗansa Su Mai cewa kullum ya kawo masa nama da ganye, ranar da aka yanke hukuncin kisa ya kawo kifi, rannan ɗan ya tafi neman kuɗi ya bar wa wani ɗan uwa aikin bai faɗa masa sirrin ba, shi kuma don kyautatawa ya aika kifi. Mutumin ya zauna ya rubuta wa ƙaninsa waƙoƙin bankwana.

Ba a kashe shi ba. Daular Song tana da al'adar ƙin zubar da jinin malamai, kakar sarki ta sa baki tana kan gadon ciwo, ƙaninsa ya ce a karɓe muƙaminsa a madadin yayansa, har ana cewa Wang Anshi da ya riga ya yi ritaya ya aiko da roƙo. Aka hukunta waɗanda suka karɓi waƙoƙinsa, wasu tara wasu kora, shi kuma aka tura shi Huangzhou a bakin kogin Yangtze da muƙamin suna kawai, babu ikon sa hannu a takarda, babu izinin barin gari.

Nan ne fa aka samu mutumin da ake ƙauna yau. Ya isa a farkon 1080 da iyali da yawa ga albashi ya kusa yankewa. A wasiƙar da ya rubuta wa abokinsa Qin Guan ya bayyana dabararsa: ranar ɗaya ga wata sai ya ɗauko kuɗin tagulla 4,500 ya kasa kashi 30, kowane 150, ya rataye a azarar ɗaki, kullum da safe ya sa sanda mai ƙugiya ya sauko da ɗauri ɗaya sannan ya ɓoye sandar, abin da ya rage a jefa a cikin bututun gora don baƙi. A 1081 wani abokinsa ya samo masa tsohon filin soja da ya cika da duwatsu da ƙaya a gabashin gari, ya shiga noma da hannunsa, daga sunan wannan gangaren gabas ya ɗauki laƙabin Dongpo. A 1082 kaɗai ya rubuta ayyuka biyu a kan Jan Dutse, wani dutse a bakin kogin da ya ziyarta, da shahararriyar waƙarsa ta babban kogi mai gangarawa gabas, wadda ke tuna yaƙin da aka gwabza a 208, duk da masana sun ce ba ainihin wurin yaƙin ya je ba, shi ma a waƙar cewa ya yi haka mutane ke faɗa. Rubutun hannunsa na waƙar bikin cin abinci mai sanyi, wanda ya yi a wannan zaman yana kukan ruwa ya kusa cinye gidansa ga murhu da jiƙaƙƙen kara, yana gidan tarihi na Taipei yanzu, ana lissafa shi na uku a duk tarihin irin salon rubutun. Kuma ko ba muƙami bai zauna ba, da ya ji talakawan yankin na nutsar da jarirai a ruwa saboda ba za su iya ciyar da su ba, musamman mata, ya rubuta wa gwamnan Ezhou ya kuma haɗa ƙungiya ana karɓar gudummawar masu hali ana kai wa masu jego shinkafa da tufafi.

A 1085 sarki Shenzong ya mutu, ɗansa Zhezong yaro ne, kakarsa ta riƙe mulki ta dawo da 'yan adawa ƙarƙashin Sima Guang. Aka kira Su Shi, cikin ɗan lokaci ya zama mai rubuta wa sarki takardu. Kowa ya zaci yanzu zai huta tunda jam'iyyarsa ce a sama. Ina! Sima Guang ya ce duk abin da Wang Anshi ya kawo a soke, shi kuma Su Shi ya ce a'a, dokar nan da ta bar mutane su biya kuɗi a ɗauki ma'aikata maimakon a riƙa jan su aikin tilas ta yi amfani, na gani da idona a garuruwan da na riƙe, a gyara ta kawai. Suka yi ta cacar baki, har ana cewa ya koma gida yana huci yana kiran Sima Guang bijimi. Sai ya zama 'yan sauyi na ganinsa maƙiyi, nasa kuma na ganinsa ɗan tawaye. A ganina nan ne asalin mutumin yake, kuma shi ya sa ban yarda da masu ɗaukarsa ɗan ra'ayin riƙau kawai ba. Akwai labarin da ya shafa tumbinsa ya tambayi matan gidan me ke ciki, wata ta ce ilimi, wata ta ce dabara, ƙwarƙwararsa Zhaoyun ta ce cike yake da ra'ayoyin da ba su dace da zamani ba, ya fashe da dariya.

Ya sake neman a fitar da shi, a 1089 ya koma Hangzhou a matsayin gwamna, ya tarar da fari da annoba, Tafkin Yamma kuma ciyawa ta cinye kusan rabinsa, alhali da shi gari ke sha da ban ruwa. Kuɗi babu, sai ya roƙi fada ta ba shi takardun shaidar zama ɗan zuhudun Buddha, waɗanda ake sayarwa da tsada don mai riƙe da su ba ya biyan haraji, ya sayar ya haɗa da kuɗin agaji ya ɗauki masu jin yunwa aikin yashe tafki a 1090. Laka da ciyawar da aka kwaso maimakon a rasa inda za a kai su sai ya sa aka jera su suka zama hanya ta ratsa tafkin, kusan kilomita uku da gadoji shida, har yau sunansa take ɗauke da shi. Ya kafa 'yan hasumiyoyi uku a ruwa a matsayin iyakar da ba a shuka, waɗanda aka sake ginawa daga baya su ne a bayan takardar kuɗin Sin ta yuan ɗaya. Ya kuma buɗe asibitin talakawa har da zinariyar aljihunsa a ciki.

Kakar sarki ta mutu a 1093, sarki ya girma ya dawo da 'yan sauyi, wannan karon ba gyara suka zo yi ba, ramuwa ce. Waziri Zhang Dun, abokin Su Shi na ƙuruciya, shi ya tura shi Huizhou a kudu mai zazzaɓi a 1094. Can ma bai fasa ba. Ya rubuta wa ƙaninsa cewa tunkiya ɗaya ake yankawa a kasuwar garin kullum, shi korarre ba ya iya takara da manya, sai ya ce wa mahauci ya ajiye masa ƙashin baya, ya dafa ya barbaɗa gishiri ya gasa ya wuni yana tsintar nama a tsakanin gaɓoɓi, ya ce daɗi kamar me, illa dai karnukan unguwa ba sa farin ciki da shi. A nan Zhaoyun ta rasu a 1096. A 1097, yana da shekara 60, aka ƙara tura shi gaba zuwa Danzhou a tsibirin Hainan, wanda a lokacin hukuncin da ya fi shi sai kisa. Aka kore shi daga gidan gwamnati, mutanen gari suka taya shi gina bukka, ya rubuta cewa a nan babu nama, babu magani, babu gida, babu aboki, babu gawayi da sanyi. Ya tara yara yana koyarwa, ɗalibinsa Jiang Tangzuo shi ne ɗan Hainan na farko da ya ci jarrabawar lardi.

An yi masa afuwa a 1100 da sabon sarki Huizong ya hau, ya kamo hanyar arewa, ciwo ya kama shi ya rasu a Changzhou a 1101. Kafin nan reshe ya juye, Zhang Dun ne aka kora kudu, ɗansa ya rubuto a tsorace yana zaton za a rama, Su Shi ya amsa cewa abotar shekara 40 ce tsakaninsu, abin da ya wuce ya wuce, har ya ba da shawarar magungunan da zai riƙe a can. A wata gajeriyar waƙa ta ƙarshen rayuwarsa ya ce idan an tambayi aikin da ya yi a duniya, amsar ita ce Huangzhou, Huizhou, Danzhou.

Haramcin da waziri Cai Jing ya jagoranta bai yi aiki ba, sai ma ya ƙara wa rubutun tsada, mutane na ɓoyewa suna kwafa. A 1106 tauraruwa mai wutsiya ta fito, sarki ya tsorata ya sa aka rushe dutsen. Amma abin da ya wanke shi da gaske shi ne 1127, lokacin da sojojin daular Jin ta arewa suka ci Kaifeng suka tafi da Huizong da ɗansa a matsayin fursunoni. Waɗanda suka tsira suka kafa sabuwar fada a Hangzhou, dole a samu wanda za a ɗora wa laifi, kuma ba za a ce sarki ba ne, sai aka ɗora wa Cai Jing da Wang Anshi. Duk wanda suka zalunta ya zama gwarzo. Sarki Xiaozong ya ba Su Shi laƙabin girmamawa ya kuma rubuta wa littattafansa gabatarwa, har ɗalibai suka riƙa cewa wanda ya iya rubutun Su zai ci naman rago, wanda bai iya ba ya sha miyar ganye. Wato siyasar da ta binne shi ita ta tono shi, kuma a nan ya kamata a yi wa Wang Anshi adalci, mutum ne mai gaskiya da bai tara dukiya ba, matsalar da ya gani ta gaske ce, su biyun ma sun haɗu a Nanjing a 1084 sun yi kwanaki suna hira da musayar waƙa. Kusan shekara 800 ana zaginsa, wani ɓangare saboda abokin hamayyarsa ya fi shi iya sa mutane dariya da kuka. A shekarun 1970 abin ya juya na ɗan lokaci, aka riƙa yabon Wang Anshi ana sukar Su Shi, bai daɗe ba aka koma gidan jiya, a 2022 shugaba Xi Jinping da kansa ya ziyarci gidan su Su a Meishan.

Sai dai fada ba ta isa ta sa talaka ya so mutum ba. Ya bar waƙoƙi wajen 2,700 na salon gargajiya da fiye da 300 na salon da ake rerawa, salon da kafin shi yawanci na soyayya ne da gidajen shaƙatawa, shi ya buɗe shi ya zuba tarihi da farauta da makokin matarsa Wang Fu bayan shekara 10 da rasuwarta. Wadda ya yi wa ƙaninsa a daren bikin tsakiyar kaka na 1076, bayan shekaru ba su haɗu ba, inda yake cewa wata na cika yana raguwa, mutane na haɗuwa suna rabuwa, fatan dai a yi tsawon rai a kalli wata ɗaya ko da nisa, ita ake rerawa duk shekara a bikin. Sinawa na da mawaƙan da suka fi shi tsarki a idonsu, Qu Yuan da ya faɗa kogi don baƙin cikin ƙasarsa, Du Fu mai kukan yaƙi, amma waɗannan girmama su ake yi. Su Dongpo kuwa shi ne wanda ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki na mugunta ko ɗalibin da ya faɗi jarrabawa ke ɗaukowa, don ya nuna ana iya faɗuwa a ci gaba da cin abinci da daɗi. Har girki aka laƙaba masa, akwai wani dahuwar naman alade mai sunansa a gidajen abincin Hangzhou, mu dai wannan sai dai mu ji labari. An ƙirƙira masa ƙanwa mai wayo da tarihi bai san da ita ba, an ƙirƙiri barkwanci iri-iri tsakaninsa da abokinsa ɗan zuhudu Foyin. A 2018 wani zanen busasshiyar bishiya da dutse da ake dangantawa da shi ya tashi a kan dalar Hong Kong miliyan 463.6 a gwanjon Christie's.

Sunan ya ƙetare iyaka tun yana raye. A Koriya wani babban jami'i ya sa wa 'ya'yansa biyu sunayen Su Shi da Su Zhe, ɗayansu shi ne Kim Bu-sik wanda ya rubuta tarihin ƙasar mafi daɗewa da ya rage a hannu. Shi kuwa Su Shi yana cikin masu rubuta wa sarki cewa jakadun Koriya ɓarnar kuɗi ne kawai, kuma kada a yarda a sayar musu da littattafai don za su iya kai wa Liao.